Wa zai yi magana da yawun tsoho?

Ranar Talata wata mata ta zo gidan kula da tsofaffi da nake aiki a arewacin Ingila, da jaka a kafaɗa da ɗan littafin rubutu. Ba 'yar uwar kowa ba ce a gidan. Ta zo ne saboda wani dattijo da gigin tsufa ya kama, tsohon direban bas, ba ɗa ba jika. Kullum da safe sai ya sa kwat ɗinsa ya tsaya yana jijjiga ƙofa, wai zai je sayen jarida. Ƙofar kuwa ba ta buɗuwa sai an danna lambobi huɗu, mu ma'aikata kaɗai muka san su.

Gidan nan fes yake. Kafet ko'ina, hita tana ta aiki dare da rana, kowane ɗaki da ƙararrawar kira a gefen gado, ga na'urar ɗaga mutum daga gado zuwa kujera. A falo talabijin na ta surutu, tsofaffi na jere a manyan kujeru, wasu na gyangyaɗi, wasu sun zuba wa taga ido. A bakin shiga an manna takardar makin da hukumar CQC ta ba gidan, ita ce mai duba irin waɗannan wurare tun 2009. Ko shayi mutum ya sha sai mun rubuta.

Matar ta jawo kujera ta zauna daf da shi, ta fi awa ɗaya tana sauraronsa, har labarin hanyoyin bas da ya maimaita mata sau uku. Daga nan ta nemi manaja ta ce a nuna mata dalilin hana shi fita. Ashe akwai dokar 2005 da ta tanadi cewa wanda hankalinsa ya raunana, kuma ba shi da dangi ko aboki, a samar masa wakili mai zaman kansa da zai tsaya masa, kuma ba a tauye masa 'yanci fiye da abin da ya zama dole. Yanzu kullum ƙarfe tara ni nake riƙe hannunsa mu je shagon da ke kwanar layi. Wallahi abin ya burge ni.

Sai da muka zauna hutu wata abokiyar aikina Baturiya ta dube ni ta ce, “Ku a can wa ke tsaya wa tsofaffinku?” Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma har yau maganar tana ci na a rai.

Wa ke tsaya musu? 'Ya'yansu mana, da jikoki, da maƙwabta! Mu da aka hore mu kada mu ce wa iyaye ko “uf”. Tsohuwa a gidanmu tana tsakar gida kan tabarmarta, jika na tsefe mata kai, mai shigowa ya durƙusa ya gaishe ta kafin ya wuce. Ba ta buƙatar baƙuwa mai littafi ta karanto mata haƙƙinta. Su nan fa a lokacin korona, a 2020, ta gilashin taga 'ya'ya ke ganin iyayensu, wasu har suka rasu ba wanda ya riƙe hannunsu. Sai da iyalai suka kafa ƙungiyar Rights for Residents suka yi ta fafutuka, sannan a Afrilun 2024 aka mayar da barin ziyara wajibi a kan gidajen kula da tsofaffi na Ingila. Ziyarar uwa sai da doka! Duk da hakan akwai waɗanda nake yi wa wanka da tun zuwana ban ga ƙeyar ɗansu ba.

Ban ce mu ba mu da laifi ba. Na san ana kulle tsohuwar da ta ruɗe a ɗaki, na san ana jifan wata da maita, kuma ba inda za ta kai ƙara. A nan aƙalla akwai lambar da za a kira. Amma ni dai a bar ni da tsakar gida.

Abin da ban gaya wa abokiyar aikin nan ba shi ne Innarmu ta haura saba'in da biyar, ƙafafu sun ƙi. Matar Yaya ce ke ɗaga ta, ita ke mata wanka, ga nata yaran biyar. Ni kuɗi nake turawa ƙarshen wata. Awa 12 nake yi a tsaye ina shafa wa iyayen wasu mai a ƙafa, na san wadda ke son sukari biyu a shayi, amma ban san abin da Inna ta ci jiya da dare ba. Da na kira ta daren Talatar nan na tambaye ta ko akwai abin da take so, sai ta ce, “Ba komai, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Bana ma ba za ki zo sallah ba?” Na ce mata ina nan ina neman hutu.