Ƙaramar bindiga ta hannu: cinikin da ba zan ba wa kowa shawarar shiga ba

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka fara tsallako iyakar Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen shekarar 2025, wata magana ta fara yawo a majalisun magidanta a yankinmu, ana yin ta ƙasa-ƙasa bayan sallar isha'i. Wai ana samun ƙaramar bindiga ta hannu, irin wadda take ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, a farashin da mai ɗan rufin asiri zai iya biya idan ya fitar da amfanin kaka. Masu wannan tunani ba 'yan daba ba ne. Akasarinsu manoma ne da fataken hatsi da masu kiwo, waɗanda suka ji an ɗauke mata an kore shanu a garin da ba shi da nisa da nasu, suka kwana suna tambayar kansu abin da za su yi idan aka buga musu ƙofa da tsakar dare. Ba na raina wannan tsoro, domin ni ma iyalina a gidan ƙasa suke kwana. Duk da haka, a ganina babu wanda ya kamata ya sa kuɗinsa a wannan ciniki.

Mu fara da doka, tunda dillali ba zai taɓa farawa da ita ba. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta raba bindigogi gida uku. Akwai bindigar toka ta mafarauta da ake ɗurawa ta baki, wadda Kwamishinan 'yan sanda na jiha yake ba da lasisinta. Akwai bindigogin farauta na zamani, irin mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar. Sai rukunin haramtattu, inda aka jera manyan bindigogin soja da gurneti da mashinga, kuma a cikin wannan rukuni aka saka ƙaramar bindiga kowace iri ce. Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izinin riƙe ta. Wanda aka kama da ita ba tare da wannan izini ba, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, kuma harsashin kansa ba a yarda a mallake shi ba sai da lasisi. Ko mai sayarwar ya nuna maka wata takarda mai hatimi, izini na mutum ne da sunansa, ba ya bin ƙarfen zuwa hannun wanda ya saya.

Wasu suna kafa hujja da cewa ai gwamnoni da bakinsu sun ce a nemi makami. Gaskiya ne Aminu Bello Masari ya yi wa mutanen Katsina wannan kira a 2021, kuma a watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, har ta ce za a raba fom ta hannun masarautu. Amma kafin a je ko'ina 'yan sandan jihar suka ce dakatar da ba da lasisi yana nan daram, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, shi ma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Ranar da aka tsayar da kai gaban alƙali, jawabin gwamna a rediyo ba zai zame maka kariya ba.

Sai kuma tambayar da mai saye ba ya son yi wa kansa: daga ina wannan bindiga ta fito? Idan za ka sayi babur na hannu, sai ka ga rasiɗi, ka kira bakanike ya saurari inji, ka hau ka zagaya gari, ka kafa shaidu, in ya ba ka matsala gobe ka san ƙofar gidan wanda ya sayar maka. A cinikin bindiga babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba za ka gwada ta ba, domin ƙarar harbi ɗaya ta isa ta tashi ƙauye. Ba za ka kai ta wurin masani ba, domin duk wanda ya gani ya riƙe maka asiri mai nauyi. Bindigar da aka kankare lambarta kuwa, ko dai an ƙwace ta daga hannun jami'in tsaro, ko an shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, ko kuma an riga an yi aika-aika da ita mai ita yana neman rabuwa da ita, shi ya sa ya karya farashi. Ranar da aka same ta a hannunka, duk tarihinta kai za a tambaya, kai kuma ba ka san komai a kai ba. Dillalin da ya kawo maka ita ya san kana da tsabar kuɗi, ya san ɗakin da kake kwana, kuma sana'arsa ta haɗa shi da mutanen da kake tsoro. A wannan zamani da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suka zama annoba, wannan kaɗai ya isa mai hankali ya dakata.

Mu ɗauka ma duk wannan bai dame ka ba, mu duba ƙarfen kansa. Irin wannan bindiga da ƙarfin harbinta take aiki. Idan aka ja kunama harsashi ya fita, sai murfin samanta ya ja da baya da ƙarfi, wani ɗan ƙugiya ya fizgo kwanson ya watsar, sannan sifirin ya dawo da murfin gaba ya turo sabon harsashi daga gidansa zuwa cikin bututu. Duk wannan a ƙiftawar ido yake faruwa, kuma idan abu ɗaya ya yi rauni sai ta cije. A tsohuwar bindiga kuwa waɗannan abubuwan su ne suke fara gajiya: sifirin ya saki, bakin gidan harsashi ya lanƙwashe, ƙugiyar ta cinye, tsatsa ta ci cikin bututu. A ƙara da ƙurar hunturu da laimar damina, ga shi za a binne ta ne a tukunya ko a cusa ta cikin rufin azara wata da watanni babu mai babu goga. Ba ka kuma san irin harsashin da za a haɗa maka da shi ba, ko ya sha ruwa, ko ma ba girmanta ba ne.

Kalmar araha ita ta fi tayar min da hankali. Cikin ƙananan bindigogin da jami'an tsaro ke kamawa akwai ƙirar maƙeran gida da aka yi wa siffar ta waje, akwai kuma waɗanda asalinsu na ƙara ne kawai, ba a ƙera su don harsashi mai rai ba, aka sauya su daga baya. Ƙarfen irin waɗannan ba ya jure matsin harbi, yana iya tsagewa a hannun mai riƙe da shi, murfin ya komo masa a fuska. Manomin da bai taɓa kwance bindiga ba, a cikin duhun soro, dillali yana gaggauta shi, ta yaya zai bambance wannan da ta gaske?

Ko da ta kasance lafiyayya, ba ita ce amsar matsalarmu ba. Mutanen da suke shigowa ƙauye ba ɗaya ba ne ba biyu ba, a kan babura suke zuwa da yawa, riƙe da AK-47 mai cin harsashi 30 wadda take kaiwa mita 300 ko fiye. Ƙaramar bindiga ko a hannun ƙwararre ba a dogara da ita bayan mita 50, a hannun wanda bai taɓa koyo ba kuwa, da dare, jiki yana rawa, ko faɗin tsakar gida sai an yi sa'a. Harbin da bai samu kowa ba ya nuna musu inda kake, ya kuma ba su dalilin huce haushi a kan duk wanda ke gidan. Harsashi kuma ba ya tsayawa don ya ga zana ko ƙofar langa-langa, bayansu kuwa 'ya'yanka ne ko na maƙwabci.

Sannan a tuna cewa dare ɗaya ake tsoro, amma bindigar kullum tana cikin gida. Gidajenmu ba su da ma'ajiya mai kulle da yaro ba zai kai gare ta ba, kuma babu lungun da yara ba su sani ba. Irin wannan bindiga tana da wani tarko da ya ci rayuka a ko'ina a duniya: mutum ya zare gidan harsashi ya ɗauka ta zama fanko, alhali akwai guda ɗaya kwance a cikin bututu. Ga rikicin iyakar gona, ga na gado, ga shanun da suka shiga gero kafin a girbe, rigingimun da a da ake ƙarewa da cacar baki a gaban dagaci. Na san akwai hadisin da ya ce wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada, kuma babu mai musun haƙƙin kare kai. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shi ne kuma ya hana a nuna ɗan'uwa da makami, don kada Shaiɗan ya fizgi hannun mutum.

Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 bai kamata ya fita daga ranmu ba. Mafarauta 16, da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, aka kashe a hanyarsu ta dawowa gida yin sallah, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Zalunci ne tsantsa, kuma makaman nasu na sana'ar gado ne da kowa ya sani. Idan haka ta faru da su, ina ga ɗan kasuwar da aka laluba a shingen hanya aka ciro ƙaramar bindiga marar lamba daga ƙugunsa? Ko a garinsu, da wuya ya wanke kansa daga zargin cewa yana tare da mutanen daji.

Ban ce a naɗe hannu ba. Kuɗin da mutum ɗaya zai ba dillali a ɓoye, idan magidanta goma suka haɗa irinsa a fili, zai sayi fitilun sola a mashigan gari, ya sa ƙofofin ƙarfe, ya sayi man babur da tocila ga 'yan sintirin da mai unguwa da dagaci da Baturen 'yan sanda na yanki suka san sunayensu, ya kuma sa waya a hannun mutum guda a kowane ƙauye na kusa domin labari ya riga babura isowa. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a watan Oktoban 2023, wadda aka horar aka ba ta makamai a ƙarƙashin hukuma. Irin wannan ya kamata hakimanmu da 'yan majalisarmu su matsa a kai ga garuruwan bakin iyaka, a ɗauki 'ya'yan yankin da suka san kowace burtali, a ba su horo da albashi, a kuma rubuta lambar kowace bindiga da sunan wanda aka damƙa wa.