Iyaye mata, wannan shirun namu ya isa

Jiya bayan magariba ina kemis, wata yarinya da ba za ta wuce shekara 15 ba ta shigo da hijabin Islamiyya, ta rage murya ta ce a ba ta Postinor, ƙwayar hana ɗaukar ciki. Mai shago ya miƙa mata, ko kallonta bai yi ba. Wallahi da uwarta na fi jin haushi, da ni, da ke.

'Yan'uwana, yarinya ta fara haila ta ɓoye tsumma a bayan ɗaki saboda tsoronki. Ta tambaye ki ta ina ciki ke shiga, ki ce "rufe min baki, marar kunya." To ai ba ta daina tambaya ba, ƙawa ta koma tambaya, da TikTok, da saurayin da ke cewa sau ɗaya ba ya komai. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wa zai gaya mata sau ɗaya ma ciki na shiga? Wa zai gaya mata ƙwayar nan ta gaggawa ce, ba ta hana ƙanjamau ko ciwon sanyi? Wa zai hana ta shan kanwa da lemon tsami ta ƙone cikinta?

Kunya muke cewa. Ummu Sulaim gaban Manzon Allah (SAW) ta je ta yi tambaya kan mafarkin mace, Nana A'isha kuma ta yabi matan Ansar don kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Mun fi su kunya ne? Ke da ke tallan kayan mata a WhatsApp yara na gani, sai maganar jini ce ta yi miki nauyi?

A 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya ce a cire darasin ilimin jima'i daga manhajar makarantu, aikin iyaye da malaman addini ne. Muka yi murna, muka koma muka yi shiru. Iyaye maza kuwa suna majalisa, yaro ya balaga bai san wankan janaba ba.

Ki ja 'yarki ɗaki ki yi mata magana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da can in uwa ta kasa akwai gwaggo, akwai kaka, akwai maƙwabciya mai ikon tsawatarwa. Yau kowa ya ja ƙofarsa, in ka yi wa ɗan wani faɗa uwarsa ce za ta fito ta tara maka jama'a.