Haƙƙin Hanya a Wuyan Mai Babur

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman matasanmu masu babur a nan Garwa.

Ranar Talata bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida a Yelwa, yara na fitowa daga makarantar allo. Sai ga wani ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya shigo lungunmu da gudun da ko a babbar hanyar Marwa ce sai an yi masa magana. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 7 ba ta zo tsallakawa, hannun babur ya ɗebi allonta. Allah Ya tsare, gefe ta faɗi ta kuje gwiwa. Allon kuwa ya rabe biyu, tawadar da malam ya yi mata rubutu ko bushewa ba ta gama yi ba. Da aka tare yaron, abin da ya fito daga bakinsa shi ne: "Baba, a yi haƙuri, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Imani da ƙaddara wajibi ne, babu musu. Amma wanda ya san birkinsa ya cinye, ya murɗa totur har ƙarshe a lungun da yara ke wasa, kada ya jingina wa ƙaddara aikin hannunsa.

Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ranar saukowa daga Arfa, Manzon Allah (SAW) ya ji ana tsawa ana dukan raƙuma a bayansa. Sai ya yi nuni da bulalarsa, ya umarci mutane da natsuwa, ya ce aikin alheri ba a gaggawa yake ba. Raƙuma ne fa, masu su kuma wurin ibada suka nufa. To kai ɗana, ina za ka? Fasinjan sefa 200 ne kake tsoron wani ya riga ka ɗauka?

Ga abin da da yawa ba su sani ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, wanda ya kashe mumini bisa kuskure akwai diyya a kansa da 'yanta wuya, in bai samu wuyan da zai 'yanta ba sai azumin wata biyu a jere. Iyayen mamaci suna iya cewa sun yafe, kuma mutanenmu akwai kara, galibi yafewar suke yi. Diyya kaɗai suka ɗauke, kaffara tana nan tsakaninka da Ubangijinka. Duk wanda Ramadan ya taɓa riska a zafin Garwa na watan Afrilu ya san nauyin wata biyu ba hutu.

Daren ranar da abin yarinyar ya faru, bayan isha'i muka zauna a ƙofar masallaci tare da lawan, wato mai unguwa. Aka yanke kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, a yi tudun rage gudu guda biyu, ɗaya gaban makaranta, ɗaya a kwanar famfo. Wani dattijo ya ja mana kunne, kuma gaskiyarsa. A wata unguwa matasa cikin fushi sun jibge kututture a tsakiyar hanya da dare, wanda ya fara cin karo da shi mutum ne ɗauke da matarsa mai ciki. Kawar da cuta daga hanya sadaka ce, ba ma so mu dasa wata da sunan gyara. Don haka sai da aka nemi izini a ofishin magajin gari, za a yi shi mai faɗi, ba mai tsini ba, a shafa farin fenti.

Amma siminti ba ya gyara hali. Mu iyaye da ke miƙa wa ɗan shekara 12 makulli ya je sayen zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, da mu ake. Haka masu rakiyar amarya, mutum huɗu a babur ɗaya, ana sakin hannu, mata na guɗa. Guɗar nan ita ke ƙara musu wuta, ku daina don Allah.

Za a fara aikin ranar Asabar bayan sallar asuba. Mai shebur ya zo da shebur, mai bokiti ya zo da bokiti. Yaron nan ɗan kilando ma ya ce zai zo, kuma tuni ya saya wa yarinyar sabon allo.