Hannun birki da birkin faifai a keke

Daga cikin 'yan'uwanmu masu hawa keke a Jidda, da yawa suna ɗauka cewa idan an cire birkin roba mai matse rim aka sa na faifai, wato mai matse faifan ƙarfe da ke tsakiyar ƙafar keke, tsohon hannun birki zai yi aiki, tunda waya dai waya ce. Ba kullum haka yake ba, domin hannayen birki sun bambanta wajen tsawon wayar da suke ja. Hannun da aka yi wa birkin V, wani nau'in birkin roba mai matse rim, yana jan waya mai tsawo, na keken tsere kuwa gajeriya yake ja, shi ya sa kamfanin Avid ya fitar da birkinsa na faifai mai suna BB7 iri biyu, kowanne da hannun da ya dace da shi.

Idan aka haɗa hannu mai gajeren ja da birki mai buƙatar dogon ja, hannun zai kai ga kan keke kafin birkin ya kama sosai, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali a titi mai cunkoson motoci. Idan aka yi akasin haka, hannun zai yi tauri amma kamun ya yi rauni.

Birki mai aiki da mai kuwa galibi sai an saye shi da hannunsa, domin hannun waya ba ya tura mai.