A bar alƙali ya busa usur ɗinsa

Jama'ar Nima, Maamobi, Fadama, Madina da Sabon Zongo a nan Accra, ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan. Magana ce a kan ƙwallon mutum biyar-biyar da muke bugawa da daddare da ƙarshen mako, kuma ta daɗe tana ci mini rai. Ina cikin masu riƙe usur a irin waɗannan wasanni, don dole wani ya riƙe. Ra'ayina shi ne, alƙalin da ke kau da kai daga ƙeta saboda wai "wasa ne kawai" ya fi kowa cutar 'yan wasa, mu kuma da muke matsa masa ya kau da kan, kanmu muke cuta.

Ku dubi waɗanda ke cikin filin. Tela ne, da kanike, da mahauci, da direban turoturo, da yaron da ke taya babansa tsaron shago a kasuwar Nima. In aka karya wa direba ƙafa ranar Asabar, ranar Litinin wani ne zai ja motar, shi yana kwance wajen mai ɗori, iyali na jiran kuɗin cefane. Ɗan wasan Hearts ko Kotoko, manyan ƙungiyoyin ƙwallon Ghana, in ya ji rauni akwai ƙungiya a bayansa. Namu ba shi da kowa sai ƙafar nan da yake neman abinci da ita. Saboda haka wasan nishaɗi ya fi na ƙwararru buƙatar alƙali mai tsayawa kan doka.

Dokokin kuwa ba mu muka ƙirƙira ba. Wani malami ne mai suna Juan Carlos Ceriani ya fara tsara futsal, wato ƙwallon mutum biyar-biyar, a birnin Montevideo na ƙasar Uruguay a 1930, don matasa su sami abin bugawa a cikin zaure, FIFA kuma ta fara gasar kofin duniyarsa a 1989. Na san abin da muke bugawa kan ciyawar roba ba futsal ba ne tsantsa, domin shi a kan daɓe mai tauri ake yinsa, da ƙwallo lamba 4 wadda ba ta tsalle sosai. Amma matsatsin ɗaya ne. Filin futsal kusan mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, mutum goma a ciki, ba satar gida, kowa na numfashi a wuyan ɗan uwansa. Waɗanda suka rubuta dokokin sun san cewa a wuri irin wannan ƙafa na haɗuwa da ƙafa kowane lokaci, suka yi wa abin magani.

Babban maganin shi ne tara laifi, kuma shi ne dokar da muka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Duk laifin da hukuncinsa bugun tazara ne kai tsaye, ana ƙirga shi a kan ƙungiya gaba ɗaya. In ƙungiya ta cika biyar a rabin lokaci guda, daga na shida duk laifin da ta ƙara sai a aje ƙwallo a mita 10 daga raga, babu katanga, mai bugu da gola kawai. In an dawo daga hutu sai ƙirga ta koma farko. Wanda ya taɓa yin alƙalanci da wannan doka ya san abin da take yi wa mutane. Da zarar ka ɗaga hannu ka ce "huɗu ke nan," za ka ji kyaftin da kansa yana kwaɓar yaransa: kai, riƙe ƙafarka, kar ka ja masa riga. Aikin da alƙali zai yi da maƙogwaronsa, sai abokan mai laifin su yi masa. Mai ƙeta ba ya jin kunyar alƙali, amma yana jin kunyar mutanen da za su zauna shan shayi tare bayan wasa. A wasan hukuma akwai alƙali biyu a fili, da na uku, da mai kula da agogo, su ke riƙe lissafin. Mu mutum ɗaya ne da usur ɗaya. To a ba wani yaro kwali da alli a bakin fili, ya riƙa rubuta lambar yana ɗagawa kowa ya gani. Gardamar "uku ne" da "biyar ne" ta ƙare.

Dokar daƙiƙa huɗu ma ta fi amfani a wurinmu fiye da wurin ƙwararru. Su minti 20 sau biyu suke bugawa, agogo na tsayawa duk lokacin da ƙwallo ta fita. Mu awa muke haya, agogon mai fili ba ya tsaya wa kowa, wasu ma na tsaye a bakin waya suna jiran mu fita. Ƙungiyar da ke gaba da ci ɗaya in ta fara jan ƙafa wajen ɗauko ƙwallo, kuɗin kowa take ci. Doka ta ce bugun gefe, da kwana, da bugun tazara, da ƙwallo a hannun gola a ɓangarensa, duk daƙiƙa huɗu ne. In alƙali ya ɗaga hannu sama yana ƙirgawa da yatsu, ku daina cewa ya cika iyayi. Haƙƙin wanda ya biya kuɗinsa don ya yi gumi yake karewa.

Jan kati kuwa mutane na ɗaukarsa tamkar an zagi iyayensu. A futsal wanda aka kora ba ya dawowa, amma ƙungiyarsa minti 2 kawai za ta yi da mutum huɗu, ko kuma har a zura mata ƙwallo, sai wani ya shigo. Hukuncin ya tsaya kan mai laifi, wasa bai lalace ba. Zamiya ta ƙasa don ƙwace ƙwallo, dokar FIFA ta yanzu ba ta hana ta ba in babu ganganci, amma ni a wasanninmu hana ta nake, kuma ina faɗa kafin a fara. Tun ran gini ran zane. Kyaftin biyu su tsaya a gabana su ji sharuɗɗa, su ce sun yarda, sannan a take ƙwallo.

Yanzu ga inda abin ya fi wuya, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba. A Zongo an tashe mu da girmama na gaba, kuma ina alfahari da haka. Amma sau da yawa wanda ya biya kuɗin filin, ya sayi riguna, ya kawo ruwan leda, shi ma yana cikin wasa, kuma ya haifi alƙalin. Ya taka yaro a idon sawu, usur ya kai baki, sai hannu ya yi sanyi. Yaron da aka taka ya haɗiye. Ya sake haɗiyewa. A karo na gaba ba zai nemi alƙali ba, da ƙafarsa zai rama, kuma ba kan Alhaji zai rama ba, kan wani sa'ansa ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yawancin faɗan da na gani a fili daga laifin da aka ƙi busawa tun farko ya samo asali. Ana iya busawa da ladabi. Ka matsa kusa, ka sassauta murya, ka ce, "Baba Alhaji, a gafarce ni, wannan laifi ne." Iyayenmu da yayyenmu kuma ina roƙonku, in ƙaninku ya busa muku, ku aje ƙwallon ku ja baya mita biyar ɗin da doka ta ce. Yaran da ke maƙale a jikin waya suna kallo, abin da suka ga kun yi wa alƙali shi za su yi masa.

Na fahimci dalilin da ya sa mutanenmu ba su yarda da mai usur ba. Binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas na 2018 ya nuna alƙalai na karɓar kuɗi a gaban kyamara, har shugaban hukumar ƙwallon ƙasa, Kwesi Nyantakyi, ya sauka. Tun daga nan duk wanda ya busa abin da bai yi maka daɗi ba sai ka ce an saye shi. Amma mu 'yan Accra mun san inda fushi da alƙali yake iya kai jama'a. Ranar 9 ga Mayun 2001, a babban filin wasa na garin nan, ƙorafi kan alƙalanci a wasan Hearts da Kotoko ya kai ga jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, ƙofofi a rufe, sama da mutum 120 suka rasu. Da yawansu 'yan Zongo ne, akwai gidaje a Nima da har yau suke tuna ranar. Allah ya jiƙan su. Ba na kwatanta wasan unguwa da wannan musiba, amma in na ga matasa sun kewaye alƙali suna nuna masa yatsa a fuska, gabana faɗuwa yake.

Mu masu usur ma akwai gyara. Kada mutum ya yi alƙalancin ƙungiyar layinsu. Kada ɓangare ɗaya ya biya shi. In za a ba shi kuɗin mota, ƙungiya biyu su haɗa, a ba shi kafin wasa a gaban kowa. In na ji an sa kuɗi a ƙasa kan wanda zai ci, ni ba na riƙe usur, domin caca ta shigo babu hukuncin da wani zai yarda da shi. Kuma a karanta dokokin, suna nan kyauta a intanet. Mutane da yawa ba su san cewa in gola ya saki ƙwallo, ba zai sake taɓa ta a ɓangarensa daga ƙafar ɗan uwansa ba sai abokin hamayya ya taɓa.

Ghana ta je gasar futsal ta Afirka a Maroko a 2024, wadda masu gida suka lashe karo na uku a jere. In muna son yaran Zongo su shiga wannan tawaga, da dokar gaskiya za su saba tun daga filin unguwa. Masu filaye, yawancinku kun shata layin gola amma babu ɗigon fenariti na mita 6, babu na mita 10, babu alamar wurin canjin 'yan wasa. Alƙali da taku yake aunawa, kowane taku kuma sai an yi musu a kansa. Gwangwanin fenti ɗaya ya isa. Wanda ya san mai fili ya tura masa wannan.