Batirin Li-Polymer Ba Busasshe Ba Ne

A kasuwannin Garwa da Marwa, wasu masu sayar da waya kan ce batirin da aka rubuta wa Li-Polymer busasshe ne, don haka ba ya kumbura, balle ya kama wuta. Wannan kuskure ne mai haɗari. A cikin siririyar jakarsa akwai ruwan sinadari mai cin wuta, wanda polima, wato wani abu mai kama da roba, take riƙewa kamar yadda soso yake riƙe ruwa.

Busasshiyar polima ta ainihi, wadda masanin kimiyya Peter Wright ya fara nazarinta a Ingila a 1973, ba ta barin sinadarin litiyam ya ratsa ta sosai sai zafinta ya kai wajen digiri 60, kuma wannan matsala ce masu bincike suke fama da ita har yau. Shi ya sa ba ita ce a cikin batirin waya ba. Saboda haka, idan batiri ya kumbura a zafin bazara har ya ɗaga murfin waya, a daina cajinsa, kuma kada a huda shi.