Dashen gashi: a riƙa nuna mana ƙeya, ba goshi kaɗai ba

Jama'a, tallan dashen gashi ya cika Facebook da Instagram da TikTok, galibi daga asibitocin Istanbul na ƙasar Turkiyya, kuma duk salo ɗaya ne. Ga mutum da sanƙo har tsakar ka, ga shi kuma bayan shekara gashi ya sauko goshi, yana murmushi. Ba a juya mana shi mu ga bayan kansa. A ganina kuwa nan ne rabin maganar yake, musamman ga mu baƙar fata da yawancinmu askin ƙasa-ƙasa muke yi, wasu ma ƙwal-kwabo.

Abin da mai talla ba ya son tsayawa a kai shi ne, dashe ba ya ƙara maka ko silin gashi ɗaya. Naka ake cirowa daga ƙeya da gefen kai a mayar gaba. Sinadarin jikin maza da ake kira DHT shi ke cinye tushen gashin goshi da tsakar ka, amma na ƙeya yawanci ba ya jin sa, kuma ko an canza masa wuri yana tafiya da wannan halin nasa. Wani likitan fata na birnin New York, Norman Orentreich, shi ya wallafa bayanin haka a 1959, kuma a kan wannan aka gina sana'ar baki ɗaya. Kamar mai lambu ne da ke cire albasa daga gadon iri ya dasa a fili: gurbin da ya cire ya zama wayam. A ƙeya ma tushen da aka cire ba ya sake fitowa har abada, tabo ne ke maye gurbinsa.

Hanyoyin cirewa biyu ne. Akwai ta yanka, wadda ake kira FUT: a yanko siririyar fata daga ƙeya, wani lokaci daga bayan kunne zuwa bayan kunne, a ɗinke, sannan a rarraba tushen gashin a ƙarƙashin madubin likita. Wannan tana barin tabo dogo a kwance. Idan hannun likitan ya yi kyau kuma fatar mutum ta karɓa, layin bai fi faɗin milimita 1 zuwa 2 ba. Idan fatar ta ja, yakan buɗe ya yi faɗi. Sai ta tsinta ɗaya-ɗaya, wato FUE, da ta bazu bayan 2002, inda ake amfani da ɗan bututu mai kaifi da faɗinsa bai wuce kusan milimita 1 ba a zaro kowane tushe. Ita ce ake tallata wa mutane da cewa "ba ta barin tabo". Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Idan an cire dubu uku, huda dubu uku aka yi maka, kowace kuma ɗigon tabo ce. A fatar Bature ɗigon yakan saje. A tamu fatar yakan yi haske fiye da kewayensa, sai ka ga ƙeyar ta yi dabbare-dabbare da zarar an sauke kilifa.

Na ga wannan da idona a wani shagon aski. Wani bawan Allah ya cire hula ya zauna, gabansa tubarkalla, babu wanda zai ce dashe ne. Mai askin ya fara daga ƙeya, ya yi wucewa ɗaya ya tsaya, ya ce, "Alhaji, a bar shi a haka ko in ƙara saukarwa? Akwai wasu fararen ɗigo-ɗigo a nan." Mutumin ya karɓi ƙaramin madubi ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a hankali, "Bar shi da ɗan tsawo." Daga ranar an rage masa zaɓin aski, kuma na tabbata ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa haka kafin ya biya kuɗi. Ku tuna kuma mu mutane ne masu zuwa Hajji da Umra, inda da yawa ke aske kai tas. Duk abin da ke ƙeya ranar zai fito fili.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu fiye da wasu. Gashinmu murɗaɗɗe ne, kuma ba a waje kaɗai yake lanƙwasa ba, tushen ma a lanƙwashe yake a cikin fata. Bututun da ke shiga a miƙe yana iya datse shi, a yi asarar tushen, a kuma bar maka tabon a banza. Wanda duk aikinsa a kan masu sulɓin gashi ya koya, ba lallai ya iya namu ba. Na biyu shi ne tabo mai kumbura ya yi tudu ya zarce inda aka ji ciwon, wanda likitoci ke kira kiloyid. Ya fi yawa a baƙar fata. Wanda ya san ko ƙaramin rauni ya ji sai wurin ya yi tudu, ko yake fama da ƙurajen nan masu tauri da ke fitowa a ƙeya bayan aski, don Allah ya fara ganin likitan fata kafin ya sayi tikitin jirgi. Likita mai tsoron Allah zai iya yin gwaji da 'yan tushe kaɗan, ya jira watanni ya ga yadda fatar ta warke. Amma murɗewar gashin namu tana da ranarta: yana rufe fata fiye da miƙaƙƙen gashi, don haka ba ma buƙatar yawan da ake ɗora wa wasu.

Ban ce dashe ba ya aiki ba. Yana yi, kuma idan aka dace yana kyau ƙwarai. Tun da ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney ya fito ya faɗa da kansa a 2011 cewa an yi masa, kunyar abin ta ragu a duniya, kuma hakan daidai ne. Sai dai yana son haƙuri. Gashin da aka dasa yakan zube a 'yan makonnin farko, hankalin mutum ya tashi, alhali tushen na nan. Sabo yakan fara leƙowa a wata na uku zuwa na huɗu, cikakken sakamako kuma sai shekara guda, tsakar ka ma takan kai wata 18.

To, wanda tabon ya riga ya same shi fa? Mafi sauƙi shi ne barin gashin ƙeya ya ɗan yi tsawo, kuma mutane da yawa wannan ya ishe su. Akwai hodar gashi da ake barbaɗawa, amma da zufa da shafar kai a alwala sau biyar a rana, ba na jin za ta yi wa namu mutanen wani amfani mai ɗorewa.

Hanyar ɓoye tabo da ta fi tasiri a yau ita ce ɗiga tawada a fatar kai da siririyar allura, a yi ɗigo-ɗigo masu kama da tushen gashin da aka aske, har hasken tabon ya saje da sauran wurin. Ana yin ta zama biyu zuwa huɗu, tana dusashewa bayan wasu shekaru sai an sabunta. Ba ta baje tudu, ba ta cike rami, launi kawai take gyarawa. Fatar tabo kuma ba ta riƙe tawada kamar lafiyayyar fata, kuma idan allurar ta nutse da yawa ɗigon yakan bazu ya koma shuɗi-shuɗi, gyaran wannan kuwa ya fi na farkon wuya. Sannan ga mu Musulmi akwai tambaya a kanta. Dashen kansa manyan malamai irin su Shaikh Ibn Usaimin sun halatta shi a matsayin kawar da aibi, suna kafa hujja da hadisin mutum uku na Bani Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho. Amma sanya tawada a cikin fata ya yi kusa da zanen jiki da aka hana, don haka ka kai wa malamin da ka amince da shi bayanin yadda ake yin ta dalla-dalla kafin ka zauna a kujera.

Ana kuma iya dasa gashi a cikin tabon kansa, wani lokaci da gashin gemu na ƙarƙashin haɓa don kada a ƙara taɓa ƙeya. Yana taimakawa, sai dai jini bai cika gudana a tabo ba, ba duk abin da aka dasa ke kamawa ba, kuma a kan koma zagaye na biyu. Dogon tabon da ya buɗe ana iya yanke shi a sake ɗinki ta yadda gashi zai tsiro ta cikin layin, amma fatar da ta ja sau ɗaya tana iya sake ja. Mai tudu kuwa allurar sitiroyid ake yi masa a hankali har ya kwanta. Kusan duk waɗannan sai tabon ya gama warkewa tukuna, wajen shekara guda. Wanda kuma aka kwashe wa ƙeya fiye da kima har ta yi sharara, gaskiya babu abin da zai dawo da gashin. Ɓoyewa kawai ya rage.

Wannan kwashewar ce ta fi ɓata mini rai. Wasu wuraren da yawan tushe suke gasa, dubu biyar, dubu shida a zama ɗaya, likita ya leƙo ya zana layi ya fita, ma'aikata su ƙarasa sauran. Ka tambayi wa zai riƙe bututun da hannunsa. Ka ce a nuna maka hoton ƙeyar baƙar fata irinka, a aske, bayan shekara da aiki, a hasken rana. Ka tambayi nawa za a bar maka don gaba, domin sanƙo ba ya tsayawa don an yi dashe. Gashin asali da ke bayan wanda aka dasa zai ci gaba da zubewa.

Shi ya sa nake jin tsoro in ga saurayi ɗan shekara 23 yana tara kuɗin dashe. Sanƙonsa bai gama nuna inda zai tsaya ba. Idan aka sauko masa da layi har goshi yanzu, nan da shekara goma zai iya samun kansa da tsibirin gashi a gaba, fili a baya, ƙeya kuma babu sauran abin cirewa. Irinsa ya fara zuwa wurin likitan fata a yi maganar magungunan da ke rage zubewa, minoksidil na shafawa da finasterayid na sha, a faɗa masa amfaninsu da illolinsu, har da abin da na biyun kan jawo wa wasu maza kaɗan ta fuskar sha'awa, a kuma sanar da shi cewa ranar da ya daina, zubewar za ta dawo.